Gemun Maharazu

A shekarun nan da siyasa ta fara shigowa ƙasar Hausa, Turawa ba su kai ga naɗe tabarmarsu ba, an yi wani dillalin jakuna a kasuwar bakin iyaka ta Jibiya, ana ce da shi Maharazu. Allah ya ba mutumin nan abu biyu, baki da gemu. Bakin ba ya hutawa sai barci ya ɗauke shi, matarsa Barira ma ta ce ko cikin barcin yakan yi ciniki. Gemun kuwa, tubarkalla, baƙi wuluk, ya sauko har ƙirji, kullum sai ya shafe shi da man shanu ya taje kafin ya fita. In ka yabi jakinsa zai ce maka na sayarwa ne, in ka yabi gemun sai ya saya maka goro.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kaduna, ya raka wani falke da buhunan albasa. Daga bakin titi ya hango ginin majalisa, wani masinja ya gaya masa a ciki akwai majalisar sama ta sarakuna da ta ƙasa ta wakilai. Shi ke nan fa, Jibiya ta shiga uku. Tun daga ranar ba mai buɗe baki ya yi zancen mulki a gabansa sai ya ce, “Kai, yi mana shiru, ka taɓa zuwa Kaduna?”

Ita kuwa kasuwar tana da nata majalisun tun kaka da kakanni. Akwai ’yan tabarma, wato dillalai da teloli da mahauta da sauran masu jini a jika, suna zama a ƙasa, a rana, su yi ta muhawara har muryoyi su dushe. Sai kuma dattawa, da ke zaune a kan wani dogon dakali a gindin ɗurumi, inuwar nan mai sanyi duk tasu ce. Duk abin da ’yan tabarma suka shirya sai an hau da shi dakali. Can kuma ba a ɗaga hannu. Dattijon da ya yarda da magana cire hularsa yake ya ɗora a gwiwa, in hulunan gwiwa sun fi na ka yawa, magana ta wuce. In an yi kunnen doki, magana ta kwanta. Ba mai hawa dakalin sai mai furfura a gemu, kuma in ka hau ka hau ke nan, sai ranar da aka ɗauke ka a makara.

Babban dakali shi ne Baba Kalilu, wani tsoho siriri mai ƙaramar murya, wanda ba a taɓa jin wanda ya ga tsakiyar kansa ba. Amsarsa ɗaya ce ga kowace magana: “Mun ji. A bari rana ta yi sanyi.”

To, ’yan tabarma sun gaji da gasuwa. Shekara da shekaru suna roƙon a bar su su kafa rumfa a wurin zaman majalisarsu, dattawa suna cewa a bari rana ta yi sanyi. Kowa ya san dalili. Rumfar za ta tare musu hanyar Maraɗi, ga shi al’ada ce duk ayarin da ya ƙetaro iyaka sai ya ajiye goro da dabino a gaban dakali, su kuwa tsofaffin suna son su riƙa hango rabonsu tun daga nesa.

Wata ranar kasuwa da bazara, zafi kamar ya tsaga ƙwaƙwalwa, aka sake dawo da maganar rumfa daga dakali ba ko hula ɗaya a gwiwa. Maharazu ya miƙe tsaye, ya haye kan mangalar jaki.

“Jama’a, ku saurara! Ni na je Kaduna, na san yadda ake gyara majalisa. Ba rumfa ce matsalarmu ba, dakalin nan ne! A sauko da shi daidai da tabarma, a raba inuwa, a raba goro, kowa ya samu!”

Aka ɗauki sowa. Sowar nan ce ta hau masa kai. Ya damƙi gemunsa da hannu biyu ya ce, “Kun ga wannan? In ruwan fari ya sauka dakalin nan yana tsaye, a kwantar da ni tsakiyar kasuwa a aske shi ƙwal!”

Ɗantala wanzami, abokin wasansa, yana gefe yana yi wa wani ƙaho. Ya ɗaga kai ya ce, “Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Jama’a kun shaida?”

“Mun shaida!”

Nan take Ɗantala ya zaro aska ya fara wasawa.

Da labari ya kai gida, Barira ta dafe ƙirji. “Maigida, gemun naka ka jingina? Kai da ko ƙuda ba ka bari ya sauka kansa?”

“Ke dai zuba ido. Kafin hadari ya haɗu, kan dakalin nan awaki za su yi kiwo.”

“Allah ya sa. Amma dai baki shi ke yanka wuya.”

Washegari ya sa babbar riga ya tsaya a gaban dakali, ya yi jawabi tun hantsi har inuwa ta juya. Ya kawo Kaduna, ya kawo Ikko, ya kawo Ingila da bai san ko gabas take ko yamma ba. Da ya tsaya shan iska ya duba, sai ya ga rabin dattawan sun yi barci, ɗaya har da minshari. Baba Kalilu kaɗai ke sauraro, yana ɓare goro.

“Yaro, zancenka ya yi daɗi,” in ji tsohon. “To, mi kake so a yi?”

“A rushe dakali, Baba.”

“Madalla. Wa zai yanke hukuncin?”

“Majalisa mana.”

“Wace?”

Baba Kalilu ya jefa ɓarin goro a baki ya ce, “Maganar rijiya, dakali. Maganar awo, dakali. Maganar dakali ma ai dakali ce. Ka kawo ta, mu duba ko muna son a rushe mu.”

“To na kawo ta yanzu!”

“Mun ji. A bari rana ta yi sanyi.”

Daga can gindin bango Ɗantala ya ɗaga murya, “Maharazu, ka tambaye ni mana! Wanzami ba ya son jarfa!” Ya ci gaba da wasa askarsa, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Wani mutum da sai ya yi sanyi, amma ban da Maharazu. Ya ce ai dakali ƙasa ce, ƙasa kuwa ba ta da maƙiyi kamar ruwa. Da asuba ya kora jakunan mutane da aka ba shi dillanci, ya yi ta jigilar ruwa daga gulbi yana kwararawa a kan dakali, yana bi da tafin hannu yana murzawa don ya narke. Bai san magina na da da makuba, wadda ruwa ba ya ci, suka yi yaɓensa ba. Ruwan ya gangare abinsa, ya bi ta wurin ’yan tabarma, ya jiƙa wa teloli yadi, ya shiga buhun gishirin wani Buzu. Dakali kuwa ya fito fes, sumul, yana ƙyalli.

Dattawa suka iso suka zauna, suka ji sanyi na ratsa su ta ƙasa. Baba Kalilu ya lumshe ido ya ce, “Kai, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Rabon da a wanke mana wurin nan tun zamanin yunwa. Maharazu, gobe ma in da hali.”

Teloli suka bi shi da almakashi, Buzu ya bi shi da takobi, da ƙyar ya sha ta bayan rumfar mahauta.

Barira tana gasa masa ƙafar da ya gurɗe ta ce, “Ka je ka ba Ɗantala haƙuri, ka ce zafin rana ne ya sa ka rantse.”

“Ni? Ni da na je Kaduna? Ai yanzu na gano inda gizo ke saƙa. Tsawo ne ke ba su iko. Zan gina dakalin da ya fi nasu tsawo, mu zama mu ne majalisar sama, su su koma ta ƙasa.”

Ya kuwa yi. Ya zaɓi wani fili can arewa da kasuwa, gindin wata tsamiya, ya tara samari da alkawarin kowa zai samu wurin zama, aka kwaɓa ƙasa, aka ta da dakali har sai an yi masa matakala. Ranar buɗewa ya taho da makaɗi da maroƙi, jama’a na biye. Suna isa suka tarar da ’yan duwan na Faransa, masu karɓar kuɗin fito, sun shimfiɗa buzu a kai, sun tuɓe takalma, suna shan shayi.

“Malamai, ku sauka, majalisa ce!” in ji Maharazu.

Babbansu, wani ƙato mai jar hula, ya nuna masa wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, can baya gare su. “Ka ga dutsen can? Daga shi zuwa nan ƙasar Faransa ce. Mun gode ƙwarai, da ma rana na damunmu.” Ya dubi jakin da Maharazu ya hau. “Wanga jaki, ina takardarsa ta shigowa?”

Sai da Barira ta aiko da zakaranta aka sako jakin. Maroƙin da aka ɗauko don kirari, ganin ba za a ba shi komai ba, sai ya juya ya bi Maharazu har cikin kasuwa yana cewa, “Na Barira mai gina wa Faransa! Ka tafi rushe ɗaya ka dawo da biyu!”

Kwanaki suka ja, iska ta fara juyawa, gabas ta fara yin duhu da yamma. Duk inda Maharazu ya bi sai ya ji ƙyas, ƙyas. Ɗantala har gida yake zuwa gaishe shi, ya zauna a zaure, ya ƙura wa gemun ido yana cewa, “Ka ci gaba da sa masa man shanu, ya fi daɗin aski.” Tsoro ya kama Maharazu na gaske. Abinci ma ya daina shiga.

Ana nan sai Lawwali tela, shugaban ’yan tabarma, ya zo masa da labari. Wani dattijo ya rasu, wurinsa ya zama fanko. Sauran kuma sun rabu biyu daidai, don rabinsu ’ya’yansu ne ke gasuwa a tabarma, matansu sun hana su sakat a gida, sun yi alkawarin za su cire hula in aka sake kawo maganar dakali.

“Hula ɗaya muke nema,” in ji Lawwali. “Mu samu mai furfura namu ya hau.”

Maharazu ya yi tsalle. “Ga ni!”

“Kai da gemunka ya fi gawayi baƙi?”

“Bar ni da wannan.”

Da safe Barira ta shiga madafa ta tarar da mijinta durƙushe gaban ƙwaryar garin gero, ya tsoma gemu a ciki yana juyawa. Man shanun ya kama garin tsaf. Ya ɗago fari fat, har gira.

“Innalillahi! Maigida, garin tuwon dare ne fa!”

“Ke, tafi can. Tsufa ne ya zo mini farat ɗaya. Gadonmu ne, haka kakana ya yi.”

Ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa, ya nufi kasuwa yana tari. Tun daga ƙofar gida kaji suka bi shi. Wata akuya ta biyo baya, duk inda ya tsaya gaisawa sai ta miƙe ta kai wa gemun lasa. Da ya isa gaban dakali, wani dattijo ya sunkuya ya shinshina, ya ce, “Kalilu, furfurar wanga yaro ƙanshin fura take.”

Baba Kalilu ya daɗe yana kallonsa. Sa’an nan ya matsa gefe, ya daddaɓa wurin da ke kusa da shi. “Al’ada ta ce fari, ba ta ce a wanke a gani ba. Hau, Maharazu. Maganarka kuma za a duba ta ran kasuwa mai zuwa.”

Dattijon da ya shinshina ya yi wa Baba Kalilu raɗa, “Ka haukace? Shi ne fa zai rushe mu.”

“Bar shi ya zauna tukuna. Dakali ya fi mu iya magana.”

Maharazu ya hau yana ƙyafta wa Lawwali ido. Ya zauna. Kai! Ashe haka duniya take daga sama? Iska ta ratso ganyen ɗurumi ta shiga masa riga. Bai gama gyara zama ba Fatsuma mai fura ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar farko, mai kauri, wadda ba a tsinka da ruwa ba. Mahauta suka aiko da tsire mai zafi. Ayari ya sauka daga Maraɗi, madugu ya zube goro da dabino, ya ce, “Baba Maharazu, a sa mana albarka.” Baba! Shi da jiya maroƙi ke bin sa da zambo. Buzun nan mai takobi ma ya zo wucewa, sai da ya tuɓe takalmi.

Da azahar Lawwali ya matso gindin dakali, gumi na zuba. “Yaya, ana nan kan magana?”

“Ana nan daram. Amma ka ɗan matsa, kana tare mana hanyar Maraɗi.”

Haka aka yi ta yi har mako ya zagayo. Kullum da safe gemu cikin ƙwarya, kullum da dare tuwo na raguwa. Barira ta ce, “Mu muna kwana da yunwa, gemu na ƙoshi.” Shi kuwa har ya fara ƙiba, ya koyi gyangyaɗi a zaune ba tare da hula ta faɗi ba.

Ran kasuwa ta zo. Mutanen Daddara da Bugaje da Farfaru duk sun ji labari, sun cika wurin maƙil, ’yan duwan ma sun miƙe tsaye kan nasu dakalin suna hange. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na kaɗa ganye. Ɗantala ya shimfiɗa tabarmarsa daidai tsakiyar fili, ya jera aska.

Lawwali ya tashi ya maimaita maganar Maharazu kalma bayan kalma: a sauko da dakali daidai da tabarma, a raba inuwa, a raba goro, kowa ya samu. Baba Kalilu ya ce, “Mun ji. Huluna.”

Rabin dattawa suka cire, sanƙo ya bayyana jere reras. Rabi suka dafe nasu. Ido duk ya koma kan Maharazu.

Ya ɗaga hannu a hankali. Yatsunsa suka taɓa hula. Jama’a suka fara sowa, Barira ma da ke leƙe daga rumfar masu daddawa ta yi ajiyar zuciya. Daidai nan Fatsuma ta iso da ƙwarya, ta durƙusa a gabansa, yau har da zuma a kai. Can kan hanya kuma ga raƙuman Agadas sun ɓullo, buhunan dabino na rangaji. Maharazu ya dubi furar. Ya dubi raƙuman. Ya dubi tabarmin da ke ƙasa, inda ya yi shekaru yana soyuwa, ya ƙiyasta yawan bakunan da za a raba dabinon nan da su.

“Cire mana!” in ji Lawwali. “Maganarka ce fa!”

Hannun ya gyara wa hular zama, ya danna ta sosai, ya sauko kan ludayi.

“Wato,” in ji Maharazu, ya yi gyaran murya irin ta manya, “ku yara ba ku san abin da ke cikin al’amarin nan ba. Abu ne da aka gada. Ba a yi masa gaggawa. Mun ji. A bari rana ta yi sanyi.”

Baba Kalilu ya ce, “Magana ta kwanta.”

Bai rufe baki ba aka yi wata tsawa, ɗigon farko ya faɗo ɗas a kan hancin Maharazu. Kafin a ce kwabo ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ɗurumi ya ɗan tare, daga baya ya kasa. Furfura ta fara narkewa, farin ruwa na bin babbar riga, gemu ya koma ƙullu yana ɗiga. Akuyar nan da ta yi mako tana jira ta haye dakali, ta kafa ƙafafu a cinyarsa, ta shiga aikinta.

Dariya ta ɓarke har mutane na faɗuwa cikin taɓo. Sai ga muryar Ɗantala daga tsakiyar fili, “Jama’a, wannan ruwan fari ne ko ba shi ba ne?”

“Shi ne!”

“Dakali na tsaye ko ya faɗi?”

“Yana tsaye!”

“Wa ya tsayar da shi?”

“Maharazu!”

Teloli da mahauta suka sungumo shi cak, yana harbe-harbe yana cewa, “Ku sake ni, ni dattijo ne! Ɗantala, ka tuna zumunci! Ka bar mini ko rabi!”

“Rabi ai kunnen doki ne,” in ji Ɗantala, “ni kuwa ba na barin aiki a kwance. Riƙe mini kansa, Lawwali. Kai, madalla, ya jiƙu da kansa, ko ruwa ba sai na sa ba.”

Aska ta bi ta nan, ta bi ta can. Gemun da aka yi shekaru ana yi wa hidima ya zube cikin taɓo, akuya ta bi shi tana shinshina. Maharazu ya shafa haɓa ya ji ta sumul kamar ƙwai, sai hawaye, na gaske kuwa, har ya ba wasu tausayi. Barira ta zo ta tsaya kansa, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Ashe haka fuskarka take? Tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa ganin ta ba.”

Ya miƙe yana tangaɗi. Ya ce a ransa, gemu dai ya tafi, amma ai fura na nan. Ya nufi dakali, ya ɗaga ƙafa zai hau. Sandar Baba Kalilu ta tare shi a ƙirji.

“Ina zuwa, yaro?”

“Wurina, Baba. Ai in an hau an hau ke nan.”

“Mai furfura a gemu ke hawa. Ina furfurar? Ina ma gemun?”

Maharazu ya waiga wajen ’yan tabarma. Lawwali ya naɗe tabarmarsa ya saɓa a kafaɗa, ya juya masa ƙeya. Ya sake juyowa, ya durƙusa cikin taɓo, ya haɗa hannu biyu.

“Baba, don Allah a duba. Ni na ceci dakalin nan yau, kowa ya gani. ’Yar gyara ce ƙarama nake roƙo, ba rushewa ba. A sassauta maganar gemun nan, a ce ko marar gemu in ya taɓa hawa ya koma. Gyara ɗaya tak, Baba!”

Baba Kalilu ya jawo ƙwaryar furar Maharazu gabansa, ya kurɓa, ya lashe zumar da ke bakin ludayi. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ruwa na zuba, ko alamar rana babu.

Ya ce, “Mun ji. A bari rana ta yi sanyi.”